Mata sun karɓe alƙalami, amma wa ke riƙe da jan biro?

Malam Ɗanladi: Ni fa na gaji da zancen wai maza sun danne mata a adabin Hausa. Ku leƙa wajen masu sayar da littattafai a kasuwar Terminus ta Jos, ko ku duba labaran da ake turowa a waya, kusan duk sunayen mata ne. BBC ma tun 2016 ta ware musu gasar gajerun labarai ta Hikayata. Danniyar me kuma?

Anti Rabi: Malam, suna a bangon littafi daban, iko daban. Gasar ƙagaggun labarai ta 1933 da Bature Rupert East ya shirya a Zariya littattafai 5 ta fitar, duk na maza. Sai 1980 So Aljannar Duniya na Hafsatu Abdulwaheed ya fito. Da mata suka shigo da ƙarfinsu kuma aka ce ai adabin kasuwar Kano ne, ba na aji ba.

Kabiru: Anti, har da littattafan maza aka laƙaba wa wannan sunan fa. Ado Gidan Dabino mace ne?

Anti Rabi: Ba mace ba ne, ƙanena. Amma da aka tashi ƙona littattafai a Kano a 2007, hannun 'yan mata ɗalibai aka kalla. Tarbiyyarsu ce kullum abin tsoro, ta samari ko oho.

Hajiya Talatu: Rabi, bari in taɓa namu. 'Yata tana karanta min na waya idan muna tsinken alayyafo. Kullum miji attajiri, mai ɗaure fuska, ya mari yarinya a shafi na goma, a ƙarshe ita ke durƙusawa da kofin ruwa tana ba shi haƙuri. Mace ce fa ta rubuta! Muguwar kuma kishiya ce ko uwar miji, shi gogan asiri aka yi masa.

Malam Ɗanladi: Yauwa Hajiya! Ashe ba mu ba ne.

Hajiya Talatu: Kar ka yi saurin murna, Malam. Balaraba Ramat Yakubu, wadda aka cire daga makaranta aka aurar tana yarinya, ta rubuta Alhaki Kuykuyo Ne, kuma mijin da ya wulaƙanta iyalinsa ta ɗora wa laifi, ba boka ba. Marubuciyar yau tana tsoron ta yi haka a ce ta zagi aure, ko mai gidanta ya hana ta wayar. Shi ya sa take lallaɓawa.

Kabiru: To ko dai masu karatun ne ke son haka?

Anti Rabi: Akwai wannan. Ranar Asabar a Anguwan Rogo kowa ya zo da littafi ɗaya da miji ya yi laifi kuma ya biya. Malam, har da kai.

Malam Ɗanladi: Allah ya kai mu. Amma wani ya ara min.