Allurar kashe jijiya bayan aikin canjin gwiwa, wa ya san ta?

Autar_Hajiya:
Salamu alaikum jama'a, dan Allah shawara nake nema. Hajiyarmu za a yi wa aikin canjin gwiwa sati mai zuwa, gwiwar dama ta cinye har sallah ma a kujera take yi. Likita yace banda allurar baya akwai wata da za a mata a cinya wai ta kashe jijiyar da ke kawo zafi, tun da ta ji hankalinta ya tashi saboda wata ƙawarta tace mata ƙafa na iya mutuwa gaba ɗaya. Gaskiya ne? Kuma tana rage kumburi? Tana da olsa da hawan jini.

NasTiyata:
Wa'alaikumussalam, Allah ya ba Hajiya lafiya. A tiyata nake aiki, kullum muna ganin ana yin ta. Ba kashe jijiyar ake yi ba, sa ta barci ake yi na ɗan lokaci da magani irin bupivacaine ko ropivacaine, kuma da na'urar sikanin likita yake kallon jijiyar a allo yana zuba maganin a gefenta. In sau ɗaya aka yi yawanci tana kai awa 12 zuwa 24, in an bar siririyar roba a wajen ana ci gaba da zuba maganin ta cikinta sai a kai kwana 2 ko 3. Lalacewar jijiya ta dindindin tana faruwa amma da wuya sosai.

Abin da zan ce ki tambaya shine wacce za a yi. Akwai femoral ta can saman cinya, tana kashe zafi sosai amma tana saukar da ƙarfin naman gaban cinya, mutum ya miƙe gwiwa ta lanƙwashe. Akwai kuma adductor canal a tsakiyar cinya, ita tana barin yawancin ƙarfin, shi yasa masu fisiyo (masu motsa gaɓoɓi bayan aiki) suka fi son ta don da wuri suke so a fara takawa. Wasu likitocin suna ƙara wata a bayan gwiwa saboda waɗannan biyun ba sa kaiwa can.

Abban_Sadiq:
Ƙanwata ni abin da na gani a kan Babanmu zan faɗa miki. Da yamma yana ta hira da 'yan dubiya yana cewa ai ba komai, nas ta kawo farasitamol da sauran magani yace a'a baya jin zafi, wajen ƙarfe 3 na dare allurar ta sake shi, wallahi ƙarfen gado ya riƙe yana salati zufa na zuba, sai da aka yi kusan awa ɗaya kafin ya samu sauƙi. Ki tabbata ta sha maganinta a kan lokaci ko da tace lafiya lau take. Kuma kar ta sauko banɗaki ita kaɗai, ƙafar da ba ta ji ba abin dogaro bace.

NasTiyata:
Na manta maganar kumburi. Allurar ta zafi ce, kar ki sa rai zata sauke kumburi. Shi sai ƙanƙara a naɗe a tawul minti 15 zuwa 20, a ɗaga ƙafar, a riƙa motsa idon sawu, kuma yana iya ɗaukar watanni kafin ya tafi duka. Tunda tana da olsa da hawan jini dan Allah kar wani ya siyo mata diclofenac ko ibuprofen a kemis, likita ne zai zaɓa. In tana shan maganin tsinka jini ki faɗa musu tun yanzu. In sharaɓa ta kumbura tana zafi ko numfashi ya sarƙe, asibiti nan take, gudan jini ake tsoro.

Autar_Hajiya:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Na karanta mata tace in tambayo mata yaushe zata iya sujada a ƙasa. Ranar Litinin zamu ga mai allurar, na rubuta adductor ɗin a takarda kar in manta.