Neman kalma: yanayin da 'yan sama jannati ke shawagi a ciki

Mai fassara: Assalamu alaikum malamaina. Ina fassara darasi kan ƙananan taurarin ɗan'adam da ɗalibai ke ƙerawa, gobe da safe zan miƙa. Kalma biyu sun gagare ni: CubeSat, da kuma maikirogirabiti. A taimaka don Allah.

Ɗalibar injiniya: Wa alaikumus salam. Ta farkon ba ta da wahala. Akwati ne mai santimita 10 kowane gefe, Bob Twiggs na Jami'ar Stanford da Jordi Puig-Suari suka tsara shi a 1999 don ɗalibai, aka fara harba irinsa a 2003. Ki ce "ɗan akwatin tauraro", ki bar sunan asalin sau ɗaya. Ta biyun kuwa "rashin maganaɗisun ƙasa".

Malamin kimiyya: 'Yata, wannan ta biyun za ta ɓatar da yara. Tashar sararin samaniya tana nisan kilomita kusan 400 ne kawai, kuma a can jan da ƙasa ke yi ya kai kusan kashi 90 cikin 100 na wanda muke ji a nan. Faɗuwa tashar take yi dare da rana, sai dai gudunta na kusan kilomita 28,000 a awa ya sa kullum take kuskure ƙasa. Mutum da kayansa tare suke faɗuwa, shi ya sa ba ya jin nauyinsa. A Bremen ta Jamus ma hasumiya suka gina, suna sako kayan gwaji daga sama don su samu daƙiƙa kusan 5 na wannan yanayin. Ina ba da shawarar "ƙarancin nauyi".

Dattijo: Me ya kai mu kalma biyu alhali muna da "sakayau"? A ce sakayautaka. Shekaru nake kira a yi amfani da ita.

Ma'aikacin rediyo: Baba, ranka ya daɗe, auduga ma sakayau ce kuma ba ta bar ƙasa ba. Idan na faɗa a iska sai na yi minti guda ina bayani. Wasu "jazibiyya", wato jan da ƙasa ke yi, suke arowa daga Larabci.

Dattijo: Ga matsalarmu nan. Kullum aro, kamar harshen ba shi da ciki. Wanda ya fara cewa "tauraron ɗan'adam" da ya ji tsoron bayani, yau me za ku kira shi?

Ɗalibar injiniya: Amma Baba, maganaɗisu da daƙiƙa duk aro ne, ba su rage wa Hausa daraja ba.

Dattijo: Waɗancan sun daɗe sun zama 'yan gida.

Mai fassara: Malamai, dare yana yi. A darasin akwai harshen kyandir da ke dunƙulewa ya zama ƙwallo, da ƙashin 'yan sama jannati da ke raguwa da kusan kashi 1 cikin 100 a wata. Wace kalma za ta ɗauki duka biyun?

Malamin kimiyya: "Yanayin ƙarancin nauyi". Iska mai zafi ba ta da saman da za ta hau, ƙashi ba shi da kayan da zai ɗauka. Ki ƙara jimla ɗaya kan faɗuwar.

Dattijo: To, ki sa tasu tunda aikin na gaggawa ne. Amma ki rubuta "sakayau" a cikin bayanin, yara su san muna da ita. Ban janye tawa ba.

Mai fassara: Na sa, Baba. Na gode. Saura "ɗan akwatin tauraro", har yanzu bai zauna min a baki ba.