Me ya sa sankarar furostet ke farfaɗowa bayan an yanke mata homon?

Mai Neman Sani: Assalamu alaikum. Likitoci, don Allah a warware mana. An ce homon ɗin maza ne ke ciyar da sankarar furostet (ƙullin da ke ƙarƙashin mafitsarar namiji), shi ya sa ake cire 'ya'yan maraina ko a yi allurar Zoladex mai hana maraina yin homon. To in an yanke shi, me ke sa awon PSA (furotin ɗin furostet da ake aunawa a jini) ya sake hawa daga baya, har ciwon ya kama ƙashi?

Likitan Fitsari: Wa alaikumus salam, Malam. Tun 1941 Charles Huggins da Clarence Hodges suka nuna cewa cire maraina na kwantar da ciwon. Sama da kashi 90 cikin 100 na testosteron, wato homon ɗin maza, daga maraina yake fitowa. In ya shiga furostet, sinadarin 5-alpha reductase yana mayar da shi DHT, wanda ya fi shi ƙarfi. DHT ya kama wani furotin mai karɓar homon da ake kira AR, shi kuma AR ya je ya zauna kan DNA ya ba da umarnin ƙwayoyi su hayayyafa, su kuma yi PSA. Don haka in PSA ya hau, yawanci AR ne ya koma bakin aiki.

Amma kafin a ce magani ya gaza, a auna testosteron a jini, ya kasance ƙasa da 50 ng/dL. Sau tari jinkirin allurar Zoladex ne: ta 3.6 mg duk kwana 28 ce, ta 10.8 mg duk mako 12. Kuma allurar farko kan ɗaga homon na 'yan kwanaki kafin ta saukar da shi, shi ya sa ake haɗawa da bicalutamide, maganin da ke toshe AR, a makonnin farko, musamman ga wanda ciwon ya taɓa masa ƙashin baya.

Malamar Kimiyyar Gado: Ƙari a kan bayanin Likita. Ko homon ya yi ƙasa yadda ake so, ƙwayoyin da suka tsira suna da dabaru. Wasu sukan ninka ƙwayar gadon AR, furotin ɗin ya yi yawa har ɗan ragowar homon ya ishe su. Wasu su riƙa haɗa nasu homon daga abin da ƙullin adrenal na saman ƙoda ke fitarwa. Nan maganin abiraterone ke aiki, yana toshe CYP17A1, sinadarin da ake haɗa homon da shi. Ana shan 1000 mg ba a ci komai ba, tare da prednisolone, a kuma riƙa lura da hawan jini da faɗuwar potassium. Wani sauyin da AR ke yi kan sa bicalutamide kansa ya koma kunna AR, sai a ga PSA ya sauka bayan an daina shi. Mafi wuyar sha'ani shi ne AR-V7: guntun AR ne da ba shi da wurin da homon ke kamawa, kullum a kunne yake, shi ya sa abiraterone da enzalutamide (wani maganin toshe AR) ba sa cin sa sosai, a koma ga docetaxel, maganin da ke kashe ƙwayoyin sankara kai tsaye.

Mai Neman Sani: Allah ya saka da alheri. To bazuwar fa, kuma ana gadon ciwon?

Likitan Sankara: Ƙashin baya da na ƙugu ya fi zuwa, kuma jijiyoyin jinin da ke haɗa ƙasan mara da gadon baya na cikin dalilan. Rasa PTEN, ƙwayar gado mai taka wa hayayyafar ƙwayoyi birki, na sa ciwon ya yi zafi. In aka rasa TP53 da RB1 tare (su ma ƙwayoyin gado ne masu taka birki), yana iya rikiɗewa ya daina dogara da AR gaba ɗaya, ya bazu har hanta alhali PSA bai hau ba. Kada a dogara da PSA kaɗai in majiyyaci na ramewa ko ciwon baya na ƙaruwa.

Haɗewar ƙwayoyin gado na TMPRSS2 da ERG da aka gano a 2005 ana samunta a kusan rabin Turawan da ke da ciwon, amma ta fi ƙaranci a baƙar fata, kuma ba gadonta ake ba. Wanda ake gada shi ne irin lahanin ƙwayar gadon BRCA2, ta uwa ko ta uba, kuma maganin olaparib na aiki a kansa. Gidan da aka yi sankarar nono ko ta kwan mace, ko mahaifi ya yi ta furostet, mazansu su fara tuntuɓar likita kan awon PSA tun suna shekara 40 zuwa 45.