Komai "jiya" ne a wajen autana, ya kuka yi da naku?

Uwar yara uku, Rikkos:
Salamu alaikum 'yan uwa. Autana shekararsa 4, duk abin da ya wuce "jiya" ne a wajensa. Zuwanmu Bauchi da babbar Sallah jiya ne, ƙosan da ya ci ɗazu da safe ma jiya ne. Babansa ya tafi Abuja aiki, na ce masa sai jibi zai dawo, ko minti goma ba a yi ba ya zo yana ja mini zani wai jibin ya yi? Ya kuka yi da naku?

Malamar firamare, Bukuru:
Wa alaikumus salam. Hajiya ki kwantar da hankalinki, lafiyarsa ƙalau. Ɗan shekara 3 zuwa 4 abin da yake fara kamawa shi ne wane ne ke gaba, wane ke biye: wanka, sai karin kumallo, sai makaranta. Agogo sai wajen shekara 5 ko 6, shi ma gajeren hannun kawai nake fara nuna musu. "Da rabi" na zuwa daga baya. "Saura kwata" kuwa, har 'yan aji uku yana ba wahala, don ki ce wa yaro ƙarfe 2 saura kwata alhali bai ga biyun ta cika ba.

Kaka, Gangare:
'Yata, mu da muka tashi babu agogo a ɗakin uwarmu, ladan ne agogonmu, sai inuwar katanga. Jikokina ba na ce musu ƙarfe kaza. Nakan ce in an kira la'asar za mu fita, in an yi magariba kowa ya shigo. Maganar jibi kuma, ai Bahaushe da kwana yake ƙirga ranaku, yaro kuwa ya san barci. Ki sa masa dabino biyu a kwano, duk safiyar da ya tashi ya ci ɗaya. Ranar da kwano ya zama wayam, ranar babansa zai dawo. Haka na yi musu da azumin bara, amma da tsakuwa 30, don dabino ba zai kai labari ba a gidana.

Wani uba, Unguwar Rogo:
Mama kin yi gaskiya. Ni laifina zan faɗa. Kullum ina ce wa 'yata "an jima" ko "yanzu zan dawo", sai in wuce Terminus in kai dare. Rannan na ce ta ɗebo mini ruwa, ta ce "an jima, Baba", ta ci gaba da wasanta. Da na yi magana sai ta ce ai an jima gobe ne. Kunya ta kama ni. Yanzu in na ce minti biyar, waya nake saitawa ta yi ƙara a gabanta, kuma dole in tashi.

Maman tagwaye, Nasarawa Gwom:
Nawa da hutun Islamiyya suka koyi Alhamis da Juma'a, sauran ranakun suka biyo a hankali. Rigimarmu ɗaya, sanyin Disamba. In na tashe su ƙarfe 6 sai su leƙa taga su ce ai dare ne, su koma cikin bargo.

Uwar yara uku, Rikkos:
Na gode ƙwarai. Mama, na gwada dabinon. Ya cinye duka biyun tun daren farko, ya zauna bakin ƙofa yana jiran babansa.