Masu Switch, ya kuka ƙare da maganar kaset?

Baban Ilham: Salam jama'a. Ƙanina ya gama sakandare, kuma tun yana aji biyar na yi masa alkawarin in sakamako ya yi kyau zan saya masa Switch, injin gem ɗin nan na kamfanin Nintendo, to yanzu ya tasa ni gaba wai shi Switch 2 yake so. Kuɗin injin na gani, dala 450 ne a Amurka lokacin da ya fito a 2025, kafin 'yan kasuwarmu su ɗora nasu, wannan zan iya cijewa. Kaset ne tsorona, kar in sayi doki in rasa harawa. Waɗanda suka riƙe injin nan dan Allah kowa ya faɗi yadda ta kaya da shi, ana samun gem kuwa? kuma me ya sa suke tsada haka?

Ɗan Fagge: Wslm yaya. Ni a 2019 na sayi nawa lokacin dala tana 360, kaset ɗin dala 60 dubu ashirin da 'yan kai ne, a lokacin ma kuka muke ashe daɗi muke ciki. Da sabon Zelda ya fito a Mayun 2023 sai aka sa shi dala 70, shi ne farkon gem ɗin Nintendo da ya kai haka a Switch, na ce bari in jira ya sauka. Bai sauka ba, naira ce ta sauka, a 2024 dala ta haura 1,500 kaset ɗaya ya wuce dubu ɗari. Gem ɗin da Nintendo suka yi da kansu ba sa faɗuwa da wuri, amma hakan ma yana da rana, in ka gama ka sayar kusan kuɗinka za ka mayar. Mu huɗu ne a layinmu muke karɓa-karɓa, kowa ya sayi ɗaya a shekara sai mu dinga juyawa. Kawai ka ja masa kunne da ajiya, abin bai kai ashana ba, nawa ya taɓa ɓata sati biyu ashe yana cikin aljihun jallabiya. 'Yata kuwa ta taɓa sa shi a baki ta tofar tana kuka, da gangan ake shafa musu wani abu mai ɗaci saboda yara.

Ummu Sudais: Ni nawa labarin na data ne. Da sallah ƙarama na shiga wani shago na saya wa yara kaset ɗin ƙwallon kwando, mai shagon bai ce min komai ba ya karɓi kuɗi ya sa a leda. Muna zuwa gida aka zura, sai ga rubutu wai sai an sauke sauran gem ɗin daga intanet, kuma memorin injin giga 32 ne gaba ɗaya ba zai ɗauka ba, sai da na sake aika a sayo memori. Kwana uku muna abu ɗaya, a kunna cikin dare saboda datar dare, da asuba in duba in ga ya tsaya a rabi, yaran nan har sun daina tambaya. Daga baya na ga ashe an rubuta a gaban kwalin, ni ce ban lura ba.

Mai Unity: Anti Ummu abin da ya same ki daga kuɗin kaset ɗin kansa ne. Faifan PS buga shi ba ya cin wani kuɗi, shi kuwa katin Switch memori ne a ciki, akwai na giga 8, 16, har 32, kuma iya girmansa iya tsadarsa a wurin kamfanin da ya yi gem ɗin. Shi ya sa wasu suke ɗaukar ƙarami su zuba rabin gem su bar miki sauran ki sauke. Baban Ilham ka lura da wannan sosai don a Switch 2 abin ya ƙaru, akwai wanda ake kira Game-Key Card, shi babu gem ɗin a ciki sam, mukulli ne kawai, dole ka sauke duka ranar farko sannan kullum katin yana ciki kafin ya buɗe. Ana sa farin layi a ƙasan kwalin da hoton mukulli, a duba kafin a biya.

Bari kuma in ba ku ta ɓangaren masu yin gem ɗin tunda na ɗan taɓa. Na yi aiki daga gida da wasu mutum biyar, ƙaramin gem ne na kwamfuta, da ya fara karɓuwa aka ce a kai shi Switch, ni a zatona danna maɓalli ne tunda Unity, manhajar da muke haɗa gem da ita, tana fitar da na Switch. Ina! Injin RAM ɗinsa giga 4 ne, kuma ƙwaƙwalwarsa Tegra X1 ce ta Nvidia wadda ta fito tun 2015. Ga shi inji ɗaya ne amma hali biyu gare shi, in ka ɗora a mazauninsa ya haɗu da talabijin sai ya saki ƙarfi hoto ya kai har 1080, in ka zare ka riƙe a hannu sai ya rage gudu don batir ya jima, allon kuma 720 ne. Duk abin da ka gyara sau biyu za ka gwada. Aikina shi ne rage nauyin hotuna, sati uku ina matse bango da ciyawa da inuwar bishiya, akwai wani wuri da ruwan sama yake sauka a kasuwa, da an shiga sai gem ya fara tafiya kamar mai ciwon ƙafa, ƙarshe rabin mutanen kasuwar muka cire. Rubutun da yake fes a kwamfuta kuma a ƙaramin allo ya koma tururuwa, sai da aka sake shi duka. Wata biyu aka tsara, muka ci bakwai, kuma duk wata albashi ake biya. To mu ke nan masu ƙaramin abu. The Witcher 3 sai da aka ba wani kamfani daban, Saber, kafin ya shigo Switch a 2019, Hogwarts Legacy ya fito a PS5 a Fabrairun 2023 na Switch sai Nuwamba. Wasu kamfanonin in suka buga lissafi sai su ce a bar shi kawai.

Tsohon Ɗalibi: Ku da kuka fara da Switch ba ku san fari ba wlh. Ni na riƙe Wii U, injin Nintendo na kafin Switch, ina karatu a Malesiya, sai ka yi wata uku kana leƙa shago babu sabon abu. Lokacin ma'aikatan Nintendo a rabe suke, wasu na yi wa 3DS, injinsu na riƙewa a hannu, wasu na yi wa Wii U na gida, ga gem mai hoto tar yana cin mutane da lokaci fiye da na zamanin Wii, injin kuma miliyan 13 da rabi kawai ya sayar, sauran kamfanoni suka watse. Da suka haɗe na hannu da na gida wuri ɗaya ka ga 2017, Zelda a Maris, Mario Kart a Afrilu, Splatoon 2 a Yuli, Mario Odyssey a Oktoba. Amma jira bai ƙare ba, Metroid Prime 4 an sanar da shi a 2017 ina gwauro, a 2019 suka ce sun rushe aikin sun sake daga farko, ya fito Disambar 2025 ina da 'ya'ya biyu.

Ɗan Fagge: Hhhh Allah ya raya su malam. Amma Mai Unity ni ban yarda duk tsadar nan kuɗin aiki ba ne. Na san a takardun kotu da suka fita a 2023 an ga The Last of Us na biyu ya ci kusan dala miliyan 220, to wannan na ji. Mario Kart 8 Deluxe fa? gem ɗin Wii U ne na 2014 aka gyara, ya sayar sama da miliyan 60, kuma shekara da shekaru yana dala 60. Wane kuɗin aiki ne bai dawo ba? Sabon na Switch 2 ma dala 80 ne. Kasuwa ce kawai, sun ga ana saya.

Mai Unity: Ban musa ba oga, biyun ne. Wanda ya ci kasuwa shi yake ɗaukar nauyin wanda aka yi shekara shida ana yi da wanda aka rushe.

Maradi227: Sannunku 'yan uwa. Ni dai na huta da manyan kaset. Akawun ɗina na Faransa ne tunda injin ba ya zaɓar ƙasa, ina sayen katin yuro in loda, kuma sefa a ɗaure take da yuro don haka lissafina bai rikice kamar naku ba. Ƙananan gem nake bi. Stardew Valley mutum ɗaya ne ya yi shi, ya fi shekara huɗu a kai, kuɗinsa bai kai kwatan na Zelda ba kuma na fi shekara ina noma a ciki. Hollow Knight 'yan Ostireliya ne su uku, na biyunsa Silksong ya fito a Satumbar 2025 a dala 20. Ba sa cin data sosai, in wuta ta tafi da zafin nan sai in ja tabarma waje in ci gaba.

Baban Ilham: Na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Na nuna masa duk abin da kuka rubuta, na ce ko Switch 2 da kaset ɗaya tal har baɗi, ko tsohon Switch mai allon OLED wanda aka yi amfani da shi da kaset uku. Ya ce ai Switch 2 yana cin yawancin kaset ɗin tsohon, wai zai dinga ara. Ɗan Fagge akwai gurbin mutum na biyar a layin naku?

Ɗan Fagge: Akwai yaya, amma sai ya zo da nasa ɗaya, kuma banda na mukulli.