"Second" kalmar sata ce ko ta aro?

Malam Habu: Jama'a, abin nan yana ƙona mini rai. Ana buga 22th da 12nd a katin biki, in ka gyara a ce ai Turanci ba shi da ƙa'ida. Akwai ƙa'ida mana! Lambar da ta ƙare da 1 tana ɗaukar st, 2 nd, 3 rd, saura th. Amma 11, 12 da 13 th suke ɗauka, har 111th da 112th, domin furuci ake bi: twelfth ake cewa. Second, wato "na biyu", ita ce kawai ke rikita yara, don kalmar sata ce daga Faransanci, shi ya sa ba ta kama da two.

Ɗan Maraɗi: Haba Malam, sata kuma? Normandawa, mutanen arewacin Faransa, sun ci Ingila da yaƙi a 1066, Faransanci ya zama harshen fada da kotu, kalmar ta shiga Turanci wajen 1300. Wanda aka ɗora wa harshe bisa tilas ai ba ɓarawo ba ne. Aro ake cewa.

Malam Habu: Aron da ba a mayar ba shekara ɗari bakwai, me sunansa?

Malama Rabi: Ku biyun kun tsaya a tsakiyar hanya. Asalinta Latin ne, harshen Rumawan dā, secundus, wato mai biye, daga sequi, bin baya. Kafin zuwanta, other Ingilawa ke cewa a matsayin "na biyu", ga sauranta nan a every other day. Kuma Malam, first ma ba ta kama da one, alhali 'yar gida ce, danginta fore, wato na gaba.

Ɗan Maraɗi: Malama, Faransanci ɗan Latin ne, gado ya ci. Har yau a Faransanci muna da second da deuxième, duka "na biyu" ke nan. Ku 'yan Najeriya ba kwa son a ce Turanci ya ci arzikin Faransanci, shi ke nan.

Ustaz: Kun bar sakan na agogo. Larabawa thaniya suke cewa, wato "ta biyu". Ni a ganina daga malamanmu Turawa suka ɗauko.

Malama Rabi: Allah ya gafarta Malam, kawo hujja. A Latin rabon farko na awa gida sittin shi ne pars minuta prima, minti ke nan. Rabo na biyu pars minuta secunda, sakan ke nan. Lissafin sittin kuwa na mutanen Babila ne.

Ustaz: To me ya sa kuke kiran sakan daƙiƙa? A Larabci daƙiƙa minti ce. 'Yan jarida ne suka lalata ta.

Malama Rabi: Bahaushe ya riga ya ba ta ma'anarsa, ba wanda ya lalata komai.

Shugaban zaure: A taƙaice dai, Ustaz ya nuna cewa Larabci ne tushe, sauran ba su kawo abin kamawa ba. A rufe nan.

Ɗan Maraɗi: Ranka ya daɗe, a wane saƙon ya nuna haka? Ganinsa kawai ya faɗa.