Duniya agogo ce? Musayar baitoci

Ɗan Birni:
Dekart na Faransa ya ce dabba inji ce,
Jijiya da ƙashi ne ke ta juyawa.
Niyuton ya auna tafiyar wata da lissafi,
Ga tauraron ɗan'adam yau yana kewayawa.
Duniya agogo ce, ku ji ni 'yan'uwa,
Wanda ya san haƙoranta shi ke ƙerawa.

Malam Na-Zaure:
Sannu agogo sarkin aiki, Ɗan Birni,
Wa zai wana ka ran da kake tsayawa?
Gazali ya ce wuta ba ta cin auduga
Da ikon kanta, Allah ne ke ƙonawa.
Al'ada ce ka saba gani kullum,
Ka kira ta doka don rashin ganewa.

Hajiya Injiniya:
Allah gafarta Malam, Ibnu Rushdi na Kurɗuba ya amsa:
In ka soke sababi, ilimi ke rushewa.
Wayar da ka turo mana baiti da ita,
Sababi aka bi wajen haɗawa.

Ɗan Birni: Ranki ya daɗe Hajiya! Yau zaure ya yi tsit.

Almajirin Malam: Tsit ina? Ɗangonta na farko ya fi sauran tsawo, kari ya karye. A gyara kafin a yi guɗa.

Hajiya Injiniya: Ɗana, faɗa min baharin da malaminka ya hau tukuna.

Almajirin Malam: Mutaƙarabi ne, Hajiya.

Ɗan Birni: Mutaƙarabi? Rera shi mu ji! Ko Rajazu bai kai ba.

Baƙo daga Damagaram: Jama'a, amsa-amon "wa" dai kowa ya riƙe. A koma kan magana.

Ɗan Birni:
A 1997 kwamfuta Deep Blue ta ka da Kasparov gwanin darar ces,
Malam, kai ma layinka na matsowa.

Malam Na-Zaure (washegari):
Dara ta ci, ba ta san ta ci ba, yaro,
Mai murnar nasara shi ke da ganewa.
Hajiya, na'urar nan mai hira da mutane,
Kalmar da ta saba bin kalma take ƙirgawa.
Ba ta san sababi ba, al'ada ta haddace,
Ashe kan hanyar Gazali kuke ginawa.

Almajirin Malam: Allahu Akbar! Ina masu guɗar jiya?

Hajiya Injiniya: Ina wurin aiki, Malam. Lantarkin da ke cikinta fa, shi ma al'ada ya haddace? Baitina na zuwa bayan la'asar, kuma wannan karon ɗanka ya zo da ma'auninsa.